Sake Ta

Rumfar Mai Faci tana bakin titin da ya gangara kasuwa, tsakanin mai yankan makulli da wata mata mai sayar da bokitan roba. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana wurin. Kwano huɗu ne a kan rumfar, ɗaya yana yoyo tun ranar da aka kafa ta. Akwai benci mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ce, da daron ruwan da yake tsoma tiyub don neman huda, da famfon iska, da wani akwatin katako cike da noti da ƙusoshi da tsofaffin bawul waɗanda shi kaɗai ya san kansu. Keken da aka kawo masa da safe yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, kafin rana ta take sai ka gan shi yana tafiya shiru. Hannu dai Allah ya ba shi. A baki aka rage masa.

Mai in'ina ne, kuma ba irin 'yar in'inar nan mai wucewa ba. Tasa takan kama shi a farkon kalma ta riƙe, jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya rufe, ƙafarsa ta dama ta shiga buga ƙasa. Mutane kuwa ba su da haƙurin jira. Kowa ya ɗauka taimako ne ya ƙarasa masa maganar, kuma kowa da abin da ke ransa yake ƙarasawa. In ya ce wa mai keke, "Ka ka-ka...", yana nufin ya kawo sabuwar taya, sai mai keken ya ce, "In karɓa gobe? To madalla," ya yi gaba abinsa. Matarsa ta fi kowa gwanancewa. Takan ce ita ta san abin da zai faɗa tun bai buɗe baki ba, kuma a cikin goma takan dace da uku. Sauran bakwan gyaɗa kai kawai yake yi, don gyaran ya fi kuskuren wahala. Da haka aka yi wa ɗakinsu koren fenti alhali shuɗi yake so, da haka kuma ya shekara ashirin yana shan shayin da sukari ya yi masa yawa.

Duk waɗannan bai ɗauke su a bakin komai ba. Magana ɗaya ce ta tsaya masa a rai, kalma biyu tak, kuma ƙanwarsa yake so ta ji ta. Auta suke ce mata, don daga ita ba a ƙara haihuwa a ɗakinsu ba. Shekararsa sittin da uku, ita hamsin da takwas, maganar kuma ta shekara hamsin da biyu a maƙogwaronsa.

A gidan haya suka tashi, ɗaki takwas a jere, famfon ruwa ɗaya a tsakar gida. Babansu direban motar kaya ne, yakan yi sati ba a gan shi ba. A layinsu ba yaron da ake saya wa kayan wasa. Bola ce kantinsu, kuma kantin da ba ya rufewa. Can suke tsinto gwangwanin madara da tsinkakken silifa da waya da murafan kwalba, su kawo gindin katangar bayan gida inda akwai wani faffaɗan dutse, su zube a gabansa. Don tun yana ɗan shekara takwas shi ne Injiniya. A aji abin dariya ne shi, malami ya ce ya tashi ya yi karatu yara su kwashe kafin ya fara, har ya gaji ya daina zuwa daga aji uku. Amma a gindin katangar nan ba mai yi masa dariya. In yana aiki shiru ake yi, manyan yara ma tsugunnawa suke suna miƙo masa ƙusa.

Shi ya yi motar gwangwani mai ƙofar da take buɗewa, tayoyinta na silifa, sitiyarinta doguwar waya da mutum zai riƙe yana tsaye. Shi ya yi tirela mai taya goma sha biyu wadda aka yi faɗa a kanta har iyaye suka shiga. Ya yi wayar tarho da gwangwani biyu da zare, kuma kullum shi yake riƙe ɓangaren kunne. Ya yi jirgin leda da tsinken tsintsiya wanda ya tashi ya maƙale a wayar lantarki ya yi wata uku yana ɗaga musu jela. Akwai kuma waɗanda in ya tuna yanzu sai ya rasa yadda aka yi yaran layin suka girma da kawunansu a wuya. Sukan daka murfin kwalba ya baje, su wasa bakinsa a dutse ya yi kaifi, su huda biyu su zura zare, su riƙa ja yana juyawa yana gurnani, kowa yana neman yanke zaren ɗan'uwansa. Rabin yaran layin suna da tabo a haɓa. Sukan yi kibiya da wayar tsohuwar lema. Sukan cusa ƙaramin yaro cikin tayar babbar mota su gangara shi, ya fito yana tangaɗi yana amai, yana cewa a ƙara. Ba wanda ya ce musu don me. Iyaye mata suna ciki da aikinsu, in ba a shigo da jini ba to lafiya ake.

Kuma gaskiyar magana, yana kewar wannan lokacin. Yana jin kunyar hakan, amma yana kewarsa. Bai sake zama wani a idon mutane ba kamar yadda ya zama yana ɗan shekara goma, da guntun wando da guduma marar ƙota.

Auta ita ce jelarsa. Duk inda ya sa ƙafa nan take sa tata. Ita take riƙe masa ƙusoshi a haɓar riga, ita take tsaron mota in ya je shan ruwa, ita ce kuma bakinsa: in ya fara magana ta maƙale, sai ta ɗaga kai ta ce wa yara, "Yaya ya ce ku matsa." A lokacin ita kaɗai ce in ta ƙarasa masa magana takan dace. Ya yi mata 'yar tsana ta waya da tsumma wadda hannuwanta suke lanƙwasuwa, ta kwana da ita har tsumman ya koma baƙi. Amma ita ba 'yar tsana take so ba. Bindigar take so.

Bindigar ashana ita ce sarauniyar kayan wasan layin. Bawul ɗin tsohon tiyub ne ake ɗaurewa a kan sanda da roba, a kankare kan ashana a ɗura, a sa ƙusa, a buga a dutse. Sai ka ji ƙara, da ɗan hayaƙi mai warin da har yau in an ƙyasta ashana kusa da shi sai ya kau da kai. Kan ashana uku ake sawa, mai ƙarfin hali ya sa huɗu. Aikin Auta kankarewa ne kawai. Kullum sai ta roƙa a ba ta ta buga, kullum sai ya girgiza kai.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, babu makaranta. Yaran layin baya sun zo da tasu bindigar suna cika baki, shi kuwa ya ce a ransa yau za su san Injiniya. Ya samo bawul na babur, ya ɗura masa abin da ya fi goma. Yana cikin ɗaurewa robar ta tsinke, ya tashi ya ɗauko wata a inda ya rataye a katanga, taku shida ko bakwai. Kafin ya tashi ya miƙa wa Auta bindigar ta riƙe masa. Riƙewa kawai. Da ya juyo sai ya gan ta tsugune a gaban dutsen, ta ɗaga ta da hannu biyu, ta buga. Bindigar ba ta tashi ba. Amma daga inda yake ya hango bawul ɗin ya tsage ta gefe, wani siririn hayaƙi yana fita. Ita kuma ta sunkuya tana leƙa shi.

Ya yi tsalle yana miƙa hannu, ya buɗe baki zai ce, "Sake ta."

To ga inda ƙaddara ta ɓuya. Wannan kalma biyu ce a cikin riga ɗaya. In ka faɗe ta a gajarce, saki kake nufi, a cire hannu a bar abu ya faɗi. In ka ja farkonta, maimaitawa kake nufi, a ƙara yi. Ba mai lafiyar bakin da ya taɓa rikita su, yaron goye ma ya san bambancin. Amma shi in'ina ta kama shi a kan "sa" ɗin ta ja shi, ta ja, kafin ta sake shi abin da ya fito shi ne, "Saaake ta." Auta ta ɗago ta dube shi, fuskarta cike da murna, don yau Yaya da bakinsa ya ba ta izini. Ta ɗaga ta ƙara bugawa.

Idon hagu ne. A asibiti aka ƙarasa cire abin da ya rage.

Babansu ya dawo bayan kwana biyu. Ya tsayar da shi a tsakar gida, gaban duk 'yan haya, ya ce, "Me ka ce mata?" Ya buɗe baki, ƙafarsa tana buga ƙasa, ko harafi ɗaya bai fito ba. Wani daga cikin yaran da suke wurin ya ce, "Cewa ya yi ta sake. Duk mun ji." Kuma yaron bai yi ƙarya ba, abin da suka ji ke nan. Baban ya zare bel. Dukan bai dame shi ba, har so yake a ƙara. Abin da ya dame shi Inna ce. Ita ko yatsa ba ta ɗaga masa ba. Ta kwashe motocin da tirelar da tarhon ta zuba a buhu ta kai bola, inda suka fito. Daga ranar kuma har ta koma ga Allah, in yana ɗaki ta tashi kunna risho, sai ta juya masa baya kafin ta ƙyasta ashana. Yana da gemu, yana da 'ya'ya, tana juya masa baya. Bai san ko ita ma ta san tana yi ba.

Da Auta ta riƙe shi a rai, da wataƙila abin ya zo masa da sauƙi, don mai fushi yakan tsaya ya ji abin da za a ce masa. Amma ina. Tana fitowa daga asibiti da bandeji a rabin fuska ta tambayi inda 'yar tsanarta take, ta koma bin sa kamar ba a yi ba. Ta girma da ido ɗaya, ta yi makaranta ta fi shi nisa, ta yi aure, ta haifi biyar, ta binne miji, ta buɗe ɗan shagon zare da allura da maɓalli a cikin kasuwa. Takan ce ita ce mai sayar da allura da ba ta iya zura zare. Tabarau take sawa mai gilashi ɗaya baƙi. Mace ce mai yawan dariya, irin waɗanda in suna wuri ba a jin muryar kowa.

Duk yammacin da ta rufe shago da wuri, sai ta biyo ta rumfarsa ta zauna a bencin, ta ɓangaren bulon don ta san nan ne ba ya rawa. Ita take karanta masa duk takardar da ta zo masa, ta asibiti ko ta makarantar jikoki. In yara suka wuce kowa ya kafa ido a waya, sai ta taɓe baki.

"Dube su don Allah, Yaya. Ko mota ba su iya yi ba. Ka tuna tirelar nan taka? Har yau ban ga motar da ta kai ta kyau ba, har da na gaske."

Daga tirela sai tarho, daga tarho sai jirgin leda, kuma ya san inda hanyar take zuwa. In akwai baƙo a bencin, ko mai makulli ya leƙo, sai ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi.

"Ni ai biyayya ce ta ci idona," takan ce. "Yaya ya ce in sake, na sake. Yaran yanzu ka ce su sake, sai sun tambaye ka dalili. Shi ya sa duk idonsu biyu."

A yi dariya. Ita ma ta yi, har da dukan cinya. Ba da gugar zana take faɗa ba, labarin daɗi yake mata, kamar sauran labaran gindin katanga. Shi kuwa sai ya tsoma tiyub a daro ya sunkuya yana neman hudar da ya riga ya gani. 'Ya'yanta sun san labarin haka, nasa 'ya'yan ma haka, jikoki sun fara haddacewa. Duk zuriyar nan ta yarda cewa ya dubi ƙanwarsa 'yar shekara shida ya ce ta ƙara bugawa. Sun yafe masa, kuma yafiyar ce take cin sa, don abin da aka yafe masa ba shi ya yi ba. Laifinsa ya sani: shi ya ɗura, shi ya miƙa mata. Wannan zai ɗauka har kabari bai ce uffan ba. So yake kawai ta san cewa a daidai wannan lokacin, ƙoƙarin ceton ta yake yi.

Ba wai bai gwada ba. In maganar keke ce yakan lallaɓa ya kai ƙarshe, amma da ya doshi ranar nan sai maƙogwaron ya rufe gaba ɗaya. Bayan rasuwar babansu ya same ta ita kaɗai a soro, ya ce, "Au-Auta, ra-ranar nan..." Ta dafa shi ta ce, "Ranar da Baba ya dake ka? Ka yafe masa, Yaya, zafin zuciya ne." Ya gwada da matarsa, ko ita za ta kai saƙon. Ya kai har "ba ce-ce-cewa", ta ce, "Ba cewa aka yi da gangan ka yi ba, kowa ya san ƙuruciya ce. Sha shayinka zai huce." Akwai lokacin da ya yi sati yana maimaita jimlar shi kaɗai a rumfa, yana faɗa wa tayoyi, tana fita sumul. Auta ta zo ta zauna, ya ajiye sipana, ya share hannu, ya dube ta. Ya yi ta buga ƙafa har ta tashi ta sayo masa ruwa, ta ɗauka shaƙuwa ce.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Yakan ce wa kansa akwai gobe, ai Auta tana nan.

Sai ga shi wata ranar Talata ta zo ba ta yi maganar tirela ba. Ta laluba bencin da hannu kafin ta zauna, abin da bai taɓa ganin ta yi ba.

"Yaya, ɗaya idon ma ya gaji," ta ce. "Wata shida ke nan ina ba mutane baƙin zare a madadin shuɗi. Na je wajen likita. Ya ce in an bar shi, tafiya zai yi a hankali. In an yi aiki, ko a dace ko ya rufe a ranar. Na ce a yi. Ka san ni da ƙarfin hali, ai a gabanka na fara."

Ta yi dariya, amma ba ta daki cinya ba. Ranar Litinin mai zuwa aka ba ta.

Bayan ta tafi ya daɗe zaune da filaya a hannu. Tausayinta ya kama shi, ga shi ba abin da zai iya. Da ido keke ne, da ya kwance shi ya wanke ya mayar. A cikin wannan zaman ne dabara ta faɗo masa, dabarar da ya yi mamakin yadda ta shekara hamsin ba ta zo ba. Takarda ba ta in'ina. Ba kuma mai katse takarda ya ƙarasa mata magana. Rubutunsa na ɗan aji uku ne, rabon da ya rubuta abin da ya wuce lambar waya har ya manta, kunyar hakan ce ma ta sa bai taɓa rubuta wa Auta komai ba. Amma yanzu kwana shida ne suka rage da tabbas za ta iya karatu.

Ya ari biro wajen mai makulli, ya yago takarda daga tsohon littafin jikarsa. Ya ɓata shafi huɗu. Ya fara da dogon bayani, da bawul da hayaƙi da robar da ta tsinke, haruffan suka fi ƙarfinsa, ya duƙunƙune. A ƙarshe ya ce bari ya faɗi ainihin abin, gajere, yadda ba mai cewa bai gane ba. Layi biyu ya rubuta, yana danna biron kamar mai huda faci. Ya karanta a zuciyarsa, inda bai taɓa yin in'ina ba, ya ji kowace kalma ta zauna daidai: ta farko gajeriya, ta biyu doguwa. Ya ninke, ya sa a aljihun gaba, ya mayar wa mai makulli bironsa. Ranar har waƙa aka ji yana yi ƙasa-ƙasa.

Ya so ya ba ta tun kafin ranar, amma gidanta ya cika da 'ya'ya da masu dubiya, kuma ba ya so a karanta a gaban jama'a. Ya bari sai Litinin.

Da sassafe suka isa asibitin, shi da ita da babbar 'yarta. Dogon baranda ne mai benci biyu suna kallon juna, tsofaffi a jere, wasu da auduga manne a ido ɗaya, kowa da ɗan rakiyarsa. Warin maganin goge ƙasa ya cika wurin. An canza mata kaya zuwa wata koriyar riga mai igiya a baya, an karɓe mayafin, ta koma 'yar ƙarama a cikinta. Da aka aiki 'yar tata ta karɓo wani magani a ɗaya ginin, ya ga ba shi da wani lokacin sai wannan. Ya ciro takardar, da tambarin babban yatsansa na baƙin mai a gefe, ya sa mata a hannu.

"Wace ce wannan kuma? Ta makaranta?"

Ya nuna ƙirjinsa.

"Kai ka rubuta? Kai da kanka?" Ta gyara zama. "Yau ga abin da ban taɓa gani ba. Gara da na zo da idona."

Ta juya wajen taga, ta kawo takardar har kusa da hancinta, tana bin layin da yatsa. Wannan shi ne rubutu na ƙarshe da Auta ta karanta a duniya, don idon bai dawo ba. Ta karanta a fili, a hankali, kamar yadda take karanta masa ta asibiti.

"Ranar nan cewa na yi ki sake ta. Ba cewa na yi ki sake ta ba."

Duka biyun ta ja su, yadda ta ji a ranar, yadda ta saba faɗa shekara hamsin. Ta koma farko, ta kuma karantawa. Sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Yaya," ta ce, tana share hawayen dariya, "har a takarda ma in'ina kake yi?"

Ya karɓi takardar ya duba. Sai yanzu ya gani da ido abin da kunnensa ya ɓoye masa. Haruffa huɗu ne a sama, haruffa huɗu a ƙasa, iri ɗaya sak. Ba inda takarda ta nuna wanne ne gajere, wanne ne dogo. Amma ai da gyara, kalma ɗaya ce zai ƙara: jefar. Cewa na yi ki jefar. Ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe. Biron yana wajen mai makulli. Ya dubi na kusa da shi, wani tsoho mai auduga a ido, ya yi masa alamar rubutu a tafin hannu. Tsohon ya ce ai shi ma ba a kira shi ba tukuna.

Kafin ya miƙe neman wani, nas ta iso da 'yar kwalba. Yarinya ce sa'ar 'yarsa, mai fara'a, da alama tun asuba take kan ƙafarta. Ta cire wa Auta tabarau ta miƙa masa, ta ɗaga mata haɓa ta ɗiga maganin.

"Mama, daga yanzu za ki ga hazo, kar ki damu, aikin maganin ne. Ke ce ta gaba."

"Ajiye mini takardar, Yaya," Auta ta ce, tana ƙifta ido, ruwan yana gangarowa. "In na fito da rabona na karanta a tsanake. Wataƙila akwai hikima a ciki, ni ce ban gano ba."

Aka turo keken marasa lafiya. Tayarsa ta hagu tana kuka, ko a wannan halin sai da kunnensa ya gaya masa mai take so. Aka zaunar da ita. Sai dariyar ta ɗauke. Ta miƙa hannu tana laluben iska har ta samu gefen rigarsa, ta damƙe da ƙarfi, kamar yadda take yi in za su tsallaka titi zuwa bola. Nas ta fara turawa, shi yana biye a gefe a sunkuye, har bakin wata ƙofa mai gilashi.

Nan ya tattara duk abin da ya rage masa. Ya durƙusa daidai kunnenta. Jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya rufe, ƙafarsa ta shiga buga siminti har mutanen benci suka juyo.

"Ce-cewa na yi... ki je... ki je-je-je..."

"In je in dawo lafiya," ta ce. "Amin, Yaya. Amin. Ka ga yau na riga ka."

Ya girgiza kai, amma ba ta ganin sa. Ya buɗe baki, babu komai a ciki sai iska.

Nas ta tura ƙofar da ƙafa, keken ya ƙi gaba. Ta leƙo ta ga hannun da ke riƙe da rigar, ta yi murmushi.

"Mama, da rigar Baba za ki shiga? Sake ta mana."

A gajarce ta faɗa, sumul, ba tare da ta san ta faɗi wani abu ba. Auta ta buɗe hannu nan take.

Ƙofar ta rufe. Ya tsaya a wurin da tabarau a hannu ɗaya, takarda a ɗayan, yana kallon inda yatsunta suka yamutsa masa riga. Sai da mai goge ƙasa ta ce ya ɗan matsa sannan ya koma benci ya zauna.